Gwamnati a Cikin Waya: Ina Haɗin Kan Ƙasashen Larabawa Ya Kwana?

A watan Satumban 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da take yi duk bayan shekara biyu kan yadda gwamnatoci ke yi wa jama'a aiki ta intanet. Cikin ƙasashe 193, Saudiyya ta zo ta 6, alhali shekara biyu kafin nan tana ta 31. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta zo ta 11, Bahrain ta 18. Tun daga lokacin ake ta yayata cewa Larabawa sun yi nisa, har wasu na ɗauka sun dunƙule sun zama abu ɗaya, wato wanda aka yi wa rajista a Riyad to Alƙahira da Rabat sun san da zamansa. Alhazanmu da suka ga yadda ake ɗora fasfo kan na'ura a Jidda a wuce cikin ƙiftawar ido su ma sun dawo da labari mai daɗi.

To shin akwai haɗin gwiwa na gaske tsakanin ƙasashen nan a wannan fanni, ko kowa gashin kansa yake ci? Haɗin gwiwar akwai shi, amma ba a inda mutane ke zato yake ba, kuma bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Me ake nufi da gwamnati ta intanet?

Larabawa suna ce mata "al-hukuma al-iliktroniyya", yanzu kuma sun fi cewa "al-hukuma ar-raƙamiyya", wato ta dijital. A taƙaice, abin da da sai ka je ofis ka yi layi, ka cike fom, ka jira mai sa hannu ya dawo daga salla, yanzu ka yi shi a wayarka: sabunta fasfo, biyan tara, rajistar kamfani, neman takardar haihuwa.

Abin hawa-hawa ne. Matakin farko shi ne ma'aikata ta buɗe shafi ta zuba bayanai, ka karanta, amma dai sai ka je da ƙafarka. Na biyu shi ne ka nema, ka biya, a ba ka, duk a waya. Na uku, wanda shi ne mai wuya, shi ne ma'aikatun su riƙa magana da junansu ta bayan fage, ta yadda hukumar fasfo ba za ta ce ka kawo takardar haihuwa ba, domin ita da kanta za ta leƙa rumbun hukumar da ke ajiye da ita. Haɗin gwiwa tsakanin ƙasashe shi ne a ɗauki wannan mataki na uku a tsallake iyaka da shi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ba wannan yake aunawa ba. Abu uku yake dubawa a cikin kowace ƙasa ita kaɗai: ayyukan da ke kan intanet, ƙarfin layukan sadarwa, da ilimin jama'a. Saboda haka ƙasa na iya zuwa ta shida a duniya alhali takardarta ba ta da wata daraja ta musamman a kwamfutar maƙwabciyarta.

A cikin gida kam, wasu sun yi aiki. Dubai ta buɗe shafin gwamnatinta tun 2001, a ƙarshen 2021 kuma ta sanar cewa ta daina amfani da takarda a ma'aikatunta. Saudiyya ta fara da shirin Yesser a 2005, sannan dandalin Absher na ma'aikatar cikin gida ya biyo baya. Sunan ma da ma'ana: idan ka roƙi Basaudiye wani abu ya ce maka "abshir", kamar Bahaushe ne ya ce "an gama". Kuwait na da Sahel, Jodan na da Sanad, Katar na da Metrash, Iraƙi na da Ur, Masar na da dandalin Misr ar-Raƙamiyya. Kowa da tasa manhajar, kowa da nasa katin shaida, kowa da nasa rumbun.

Su wa ke zaman taron?

Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, wadda aka kafa a 1945 mai mambobi 22, tana da majalisar ministocin sadarwa. Tana da hukumar fasahar sadarwa da ke zaune a Tunis, da kuma hukumar bunƙasa aikin gwamnati da ke Alƙahira. A gefe guda akwai ESCWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da tattalin arzikin yankin, wadda ke Beirut. Ita ce tun 2019 take fitar da wani ma'auni na Larabawa zalla da ake kira GEMS, wanda ya ɗan fi na duniya kusa da talaka, domin ban da ko aikin yana kan intanet, yana tambayar ko mutane na amfani da shi kuma sun gamsu.

Babban abin da zaman ya haifar shi ne Ajandar Dijital ta Larabawa ta 2023 zuwa 2033, wadda ESCWA da Ƙungiyar suka rubuta tare, shugabanni kuma suka amince da ita a taron ƙolin Jidda na watan Mayun 2023. Takarda ce mai kyau, da manufofi da ma'aunai. Sai dai ba ta da haƙora. Babu kotun da za ta hukunta ƙasar da ta ƙi aiwatarwa, babu kuma wata hukuma da ke sama da gwamnatocin da za ta tilasta musu. Tarayyar Turai a 2014 doka ta kafa, wadda ta wajabta wa mambobinta karɓar sa hannun lantarki da shaidar dijital na junansu. Ƙungiyar Larabawa ba a gina ta da irin wannan iko ba tun fil azal. Tana ba da shawara, tana raba lambar yabo, tana shirya bita.

Ba zan ce taron tsintsiya ne ba shara ba, domin wani lokacin yakan yi shara. Misali, sun daɗe suna matsa wa hukumar da ke kula da sunayen shafukan intanet ta duniya lamba, har a watan Mayun 2010 Masar da Saudiyya da Daular Larabawa suka zama na farko da aka ba wa adireshin ƙasa da haruffan Larabci. Akwai kuma koyon sana'a tsakanin ƙasa da ƙasa: tun 2018 Daular Larabawa ke horar da ma'aikatan Masar da Jodan, daga nan ne ma aka samu cibiyoyin Khadamat Misr, inda ake tara hidimomin ma'aikatu daban-daban a zaure ɗaya. Amma wannan koyi ne da kwaikwayo. Kwamfutocin ba su haɗu ba.

Inda abin ya kankama

In ana neman haɗin gwiwar da ake iya taɓawa da hannu, sai a ƙasashe shida na bakin Tekun Fasha, waɗanda Larabawa ke kira Khalij: Saudiyya, Daular Larabawa, Kuwait, Katar, Bahrain da Oman. Majalisarsu ta haɗin kai tun 1981 take. Ɗan ƙasa a cikinsu yana shiga sauran biyar da katin shaidarsa kawai, ba sai da fasfo ba. Ɗan Bahrain kan tuƙa motarsa ya hau gadar Sarki Fahad mai tsawon kilomita 25, ya miƙa kati, ya yi sayayya a Dammam ta Saudiyya ya koma gida kafin magariba. Idan ɗan Oman yana aiki a Katar, akwai tsarin da tun 2006 ke sa a riƙa zuba kuɗin fanshonsa a asusun ƙasarsa. Sun fara taron bayar da lambar yabo ta gwamnatin intanet a Maskat a 2009, kuma suna da kwamitin ministoci na musamman kan lamarin.

A ƙarshen 2020 suka fara aiki da Afaq, hanyar tura kuɗi tsakanin manyan bankunansu, aka fara da Saudiyya da Bahrain. Suna da Wafid, tsari guda na gwajin lafiyar masu zuwa ci-rani: ma'aikaci daga Masar ko Sudan ko Indiya zai yi rajista a shafi ɗaya, na'ura ta zaɓar masa asibitin da zai je a ƙasarsa, sakamakon ya shiga rumbun da ƙasashen ke dubawa. Wasunsu kuma sun haɗa na'urorin jami'an kula da hanya, ta yadda wanda ya yi gudun wuce sa'a a ƙasar maƙwabta tarar za ta biyo shi har gida.

Duk da haka ko a nan tafiyar ba ta miƙe sumul ba. Bizar yawon buɗe ido guda ɗaya da za ta shigar da baƙo duka ƙasashen shida, ministocin cikin gida sun amince da ita tun ƙarshen 2023, amma aka yi ta ɗage ranar farawa. Dalilin bai wuce cewa biza ɗaya na buƙatar hukumomin shige da fice shida su buɗe wa juna rumbunansu ba.

Labarin takarda ɗaya

Ɗauki misalin matashin da ya gama karatun haɗa magunguna a wata jami'a a Masar, ya samu aiki a Khalij. Kamfanin ya turo masa kwantiragi ta waya, ya karɓa ta waya. Bizarsa ta lantarki ce. Idan ya isa, izinin zamansa, lasisin tuƙinsa da albashinsa duk a waya za su kasance. Amma kafin nan, sai ya ɗauki kwalin digirinsa a cikin jaka ya fara zagaye. Jami'a ta buga hatimi, wanda Misirawa ke kira "khatmin nisr", hatimin gaggafa, wanda in babu shi takarda ba takarda ba ce. Daga nan ofishin tantancewa na ma'aikatar harkokin waje ya buga nasa, don shaida cewa hatimin farko na gaske ne. Daga nan ofishin jakadancin ƙasar da zai je ya buga nasa, don shaida na biyun. Kowane mataki da kuɗinsa da layinsa, wani lokaci da amsar nan da kowane Bamisire ya haddace: "fut alaina bukra", ka dawo gobe. In ya isa can ma, hukumar da ke ba da lasisin aikin lafiya za ta sa wani kamfani mai zaman kansa ya sake tuntuɓar jami'ar ya tabbatar.

Ƙasashe biyu ne masu harshe ɗaya, kowace na da rumbun bayanai na zamani, amma babu wayar da ta haɗa rumbunan biyu. Saƙon da kwamfuta za ta isar cikin daƙiƙa, mutum ne ke ɗauke da shi a hammata na tsawon makonni. Wannan rata ce ke ciyar da 'yan tsakiya, waɗanda a Saudiyya ake kira "mu'aƙƙib", masu bin takardu ofis-ofis a biya su lada, da kuma "wasɗa", wato sanayya.

Abin mamaki, ɗan sauƙin da aka samu a wannan fanni daga waje ya zo. Yarjejeniyar Heg ta 1961, wadda ta ce hatimi ɗaya ya wadatar tsakanin ƙasashen da suka sa hannu, ita Oman da Bahrain da Maroko da Tunisiya suka shiga, Saudiyya ta bi su a 2022. Wato takardar Maroko na iya samun karɓuwa a Faransa cikin sauƙin da ba za ta samu a wasu ƙasashen Larabawa ba.

Me ya hana ruwa gudu?

A ganina fasaha ita ce ƙaramar matsala. Estoniya da Finland sun haɗa hanyoyin musayar bayanansu a 2018, a farkon 2019 kuma ɗan Finland ya fara sayen magani a Tallin, babban birnin Estoniya, da takardar likitan garinsu ta lantarki. Manhajar da suka haɗa hanyoyin nasu da ita kyauta ce, kowa na iya ɗauka. Abin da ba a saukewa daga intanet shi ne yarda.

Rumbun bayanan 'yan ƙasa shi ne cikin ɗakin gwamnati. Wanda ka ba mabuɗinsa ya san yawan mutanenka, da wanda ya shiga da wanda ya fita, da mai kuɗi da mai bashi. Ƙasashen nan kuwa sun ga abin da ya faru a watan Yunin 2017, lokacin da Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Katar dare ɗaya, aka rufe iyakar ƙasa da sararin sama, aka ba 'yan Katar mako biyu su tattara nasu ya nasu. Sai a watan Janairun 2021 aka sasanta a Al-Ula. Duk ministan da ya shaida wannan zai yi tunani sau biyu kafin ya jingina aikin ma'aikatarsa da kwamfutar maƙwabci. A yammaci kuwa, iyakar Aljeriya da Maroko a rufe take tun 1994, hulɗar jakadanci ma ta yanke a 2021. Ƙasashen da ba sa gaisawa ba za su haɗa rumbu ba.

Sai bambancin doka. Tunisiya ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2004, Maroko 2009, Katar 2016, Bahrain 2018, Masar 2020, Saudiyya da Daular Larabawa 2021. Kowace da nata sharuɗɗan fitar da bayani waje, da yawa kuma sun fi son bayanan gwamnati su kwana a cikin ƙasa. Tsoron na da tushe: a watan Agustan 2012 wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa Shamoon ta lalata kwamfutoci kusan 30,000 na Aramco, kamfanin man Saudiyya. Idan rumbuna a haɗe suke, ɓarawon da ya shiga ta tagar mai rauni ya shiga gidan kowa.

Akwai kuma gasa, wadda ba a cika faɗa a bainar jama'a ba. Riyad da Dubai da Doha kowace na son ta zama cibiyar yankin. Tun farkon 2024 Saudiyya ta ce kamfanin waje da bai kawo hedikwatarsa ta yankin cikin masarautar ba, kada ya sa ran kwangilar gwamnati. Gasar ta yi wa 'yan ƙasa rana, domin ita ce ta sa kowa ke rige-rigen hawa jerin Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma mai neman zama na ɗaya ba ya ɗokin raba sirrin sana'arsa.

Abin da ke saurin tsallake iyaka

In ka lura da jerin abubuwan da suka yi nasara, za ka ga kusan duka ko kuɗi ne ko tsaro. Asusun Lamuni na Larabawa da ke Abu Dhabi ya ƙaddamar da Buna a 2020, hanyar biyan kuɗi tsakanin bankunan yankin da dirhami da riyal da fam ɗin Masar da dinarin Jodan, har da dala da yuro. Katin inshorar mota na bai ɗaya, wanda suke kira katin ruwan lemo, tun yarjejeniyar Tunis ta 1975 yake aiki, kamar dai katin ruwan ƙasa na ECOWAS da direbobinmu suka sani. Majalisar ministocin cikin gida ta Larabawa kuwa, wadda ke Tunis, ta daɗe tana rarraba sunayen waɗanda ake nema ruwa a jallo. A 2010 an sa hannu kan yarjejeniyar yaƙi da laifukan intanet a Alƙahira, a 2023 kuma aka kafa majalisar ministocin tsaron intanet mai mazauni a Riyad.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Gwamnatoci na cewa da haka ake kama 'yan damfara da masu safarar ƙwaya da 'yan ta'adda, kuma da gaskiyarsu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa na cewa kalmomin yarjejeniyar 2010 a buɗe suke, ana iya shigar da mai sukar gwamnati a cikinsu, kuma haɗa rumbuna na nufin wanda ya gudu daga wata ƙasa ba shi da mafaka a maƙwabta. Suna da abin nunawa. A watan Yunin 2020 Amnesty ta sa manhajojin korona na Bahrain da Kuwait cikin waɗanda suka fi kutsawa cikin sirrin mutane, saboda suna bin sawun inda mutum yake kusan kowane lokaci. Absher ma ya sha suka a 2019, domin ta cikinsa ne waliyyi ke ba mace izinin tafiya ko ya hana, kafin a sassauta dokar a watan Agustan shekarar ga matan da suka kai 21.

Wanda abin ya fi shafa shi ne baƙo. Ƙidayar Saudiyya ta 2022 ta nuna mutum miliyan 13.4 cikin miliyan 32.2 ba 'yan ƙasa ba ne, a Katar da Daular Larabawa kuwa baƙi sun kusa kashi 90 cikin ɗari. Shiga da katin shaida gatan ɗan ƙasa ne. Ɗan ci-rani abin da ya fi isa gare shi daga haɗin kan shi ne ɓangaren tantancewa: in gwajin Wafid ya ce ba shi da lafiya, ba ƙofa ɗaya ce ta rufe ba.

Waɗanda ba su da wutar kunna kwamfutar

Duk wannan magana ta masu zaman lafiya ce. A jerin 2024 ɗin nan da Saudiyya ta zo ta 6, Masar ta 95 take, Yaman da Somaliya kuma suna can ƙarshe-ƙarshe. Yaman tun 2016 babban bankinta ya rabu biyu, ɗaya a Sana'a ɗaya a Aden, to da wanne za a haɗa? Libiya gwamnati biyu gare ta. A Labanon wutar gwamnati ta ɗauke gaba ɗaya a watan Oktoban 2021 saboda rashin mai. Aljeriya da Iraƙi da Siriya sun sha katse intanet da gangan a lokacin jarrabawar sakandare don hana satar amsa, wato gwamnatin da ke cewa a yi komai ta intanet ita ce ke kashe shi da safe.

Sudan ce ta fi kusa da mu, domin akwai Hausawa masu yawa a Maiwurno da Gadarif da Kassala da sauran garuruwa. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, manyan ofisoshi da rumbunan bayanai suna Khartum ne, a tsakiyar wuta. Aikin fasfo ya tsaya na watanni kafin a farfaɗo da shi a Port Sudan. Abin da ya riƙe mutane da yawa shi ne Bankak, manhajar wani banki, wadda 'yan uwa na waje ke turo kuɗi ta cikinta. Da layukan sadarwa suka ɗauke a watan Fabrairun 2024, sai abinci ma ya gagari masu kuɗi a asusu. Dubban ɗaruruwa sun tsallaka Masar da Chadi, wasu ba takardar haihuwa, ba shaidar karatu. Da a ce akwai amintaccen tsarin da ke ajiye kwafin irin waɗannan bayanai a wata ƙasar, ko wanda zai ba jami'ar Alƙahira damar tabbatar da sakamakon ɗalibin Khartum, da nan ne haɗin kan zai fi amfani. Bahrain ta yi doka a 2018 da ke ba wata ƙasa damar ajiye bayananta a can ƙarƙashin dokokinta na gida, kamar ofishin jakadanci, amma irin wannan dabara ba ta zama tsarin yankin ba.

Ina ya shafe mu?

Ta hanya biyu. Ta farko aikin Hajji da Umara. Biza ta lantarki ce, izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk ake nema, katin Nusuk kuma shi jami'i ke tambaya a hanyar Makka. Dattijon da ya zo daga ƙauye ba ya karatun boko, dole ya dogara da jami'in alhazai ko wani yaro mai waya. Saudiyya na da shirin Hanyar Makka, inda jami'anta ke zuwa filin jirgin ƙasar alhaji su ɗauki hoton yatsu su gama tantance fasfo tun kafin ya tashi, kayansa kuma a kai masa har masauki. Maroko na ciki, Kwaddibuwa ta shiga a 2023, tare da irin su Malesiya da Indonesiya da Pakistan. Ka ga ba Larabci ne ya zaɓi waɗanda suka shiga ba, yarjejeniya ce tsakanin ƙasa da ƙasa.

Ta biyu ita ce Ƙungiyar Haɗin Kan Dijital da aka kafa a Riyad a watan Nuwamban 2020, wadda Deemah AlYahya ke jagoranta. Saudiyya da Bahrain da Jodan da Kuwait da Pakistan ne suka kafa ta, Nijeriya ta shiga a 2021, daga baya Ghana da Gambiya da Ruwanda suka biyo, har da Girka da Saifurus. Masar da Aljeriya da Iraƙi, manyan ƙasashen Larabawa ta fuskar yawan jama'a, ba sa cikin waɗanda suka kafa ta.